Farin Zobe a Idon 'Yarsa

Ku matso ku ji yadda Tashi-Ka-Nema ya cinye gidansa da hannunsa. Bakinsa ne ya jawo masa wannan suna, don kowane bidiyo da haka yake buɗe shi: "Ɗan kasuwa, tashi ka nema! Talauci a kai yake, ba a aljihu ba." Mai wannan wa'azi kuwa a ɗaki guda yake da matarsa da 'yarsu, ya rataya labule don kada a ga tsagar bango. Masu kallonsa ba su wuce ƙaninsa tela da matar ba, ita ma don tausayi.

"Maigida," in ji ta, "in talauci a kai yake, naka dai ya gangaro har tukunya."

Ya yi dariya, amma maganar ta soke shi. Da azahar ya kwashi wayarsa da fitilar nan mai kama da zobe da masu bidiyo ke haska fuska da ita, ya bi ta bayan kasuwa wajen wani boka.

Ɗakin ba taga, sai ƙaurin ƙonannen gashi. An lulluɓe bango da jan ƙyalle, an jera fasassun madubai a ƙasa. A tsakiya ga baƙar tukunya cike da ruwa, idanun dabbobi na yawo a ciki, kowanne a buɗe.

"Me kake so?"

"Idanu, ranka ya daɗe. A kalle ni."

"Ido ba ya kallo a kyauta. Ci yake."

"Ni fa ba na son jini."

"Wa ya ce maka jini?" Boka ya yi murmushi. "Kai dai ka riƙa nuna musu masu ƙaunarka. Ai haka sana'arku take, ko ba haka ba?"

Tashi-Ka-Nema ya ce haka ne, bai ƙara tambaya ba, don ba ya son jin amsa. Boka ya tsoma yatsa a tukunya, ya shafa wa idon wayar, ya shafa wa fitilar.

Da tela ya fara. Ya zaunar da shi kan keken ɗinki, ya ce ga wanda ya gyara tunaninsa ya yi nasara. Kafin ka ce kwabo bidiyo ya zaga duniya. Masu talla suka yi layi, 'yan kasuwa suka cika ajin da ya buɗe, ya koma babban gida mai ɗakin ɗaukar bidiyo na musamman.

Sai dai zoben hasken fitilar da ya faɗa ƙwayar idon tela bai fita ba, ko a inuwa. Tela ya koma taka keke ba zare, yana kare fuska yana cewa, "Yaya, ka ce su daina kallona." Bai daɗe ba aka same shi kife kan keken, rai ya yi halinsa.

A nan Tashi-Ka-Nema ya gane, wallahi ya gane. Ya yi kuka, ya rantse ya bari. Amma masu kallo suka fara raguwa, sai ya zaunar da mahaifiyarsa don bidiyon "Addu'ar uwa ce jari". Tsohuwa ta rasu tana jan mayafi kan fuskarta. Bayanta sai matarsa. Ita ba ta mutu ba, ta dai koma lulluɓe madubai da zannuwa, tana rarrafe ƙarƙashin gado.

Ya koma wa boka yana kuka. Boka ya ce, "Ni na ce ka nuna uwarka? Kai ka zaɓa."

Saura 'yarsa. Ita kam ya ce ko zai koma bara ba zai nuna ta ba. In zai yi aiki sai ya kulle ƙofa.

Wata safiya yana magana kai tsaye da dubban mutane, ya manta bai murza makulli ba. A fuskar wayar ya hango ƙofa ta buɗe a bayansa, yarinya ta leƙo da takalmi a hannu.

"Baba, Mama ta ƙi fitowa. Sa mini."

Yatsansa na kan maɓallin kashewa. Sai saƙonni suka ɓarke: "Kai, kyakkyawa! Ɗago ta mu gani!" Masu kallo suna ta ninkuwa. Ya ce a ransa bari dai ya ƙarasa maganar da ke bakinsa. Ya ƙarasa.

Da ya kashe, ya buga fitilar da ƙasa ta fashe, ya janyo yarinyar bakin taga ya ɗaga haɓarta. Farin zoben na nan a idanunta biyu.

"Baba," ta ce a hankali, "su wa ke kallona?"

Yau yana nan a bakin kasuwa, riƙe da mushen waya, yana roƙon masu wucewa su rufe ido. Kai mai son a san ka ko ta halin ƙaƙa, ka ji tsoron Allah. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma boka bai ɗauki kowa daga gidan nan ba, mai gidan ne ya miƙa su ɗaya bayan ɗaya.