Barka Babu Jariri

A wata unguwa ta Agadez akwai wata yarinya 'yar lakwal, wato makarantar boko. Gidansu ne kaɗai gidan Kirista a layin. Babanta yana aikin haƙar gawayi a Anu Araren.

Zaman layin babu daɗi. Yara suna yi mata waƙar tsiya in za ta majami'a. A lakwal in ta sha ruwa a moɗa, sai an wanke kafin wata ta sha. Ƙawarta ɗaya ce tak, Ramata, jikar Hajiya Tabawa.

Ran Nowel, bikin haihuwar Yesu, Mama ta dafa shinkafa da naman rago. Ta zuba kwano-kwano.

"Kai wa maƙwabta," in ji Mama.

"Mama, bara fa maido mana aka yi. Ko murfin ba a buɗe ba."

"Su maido. Mu dai namu bayarwa ne."

Yarinya ta fita rai a ɓace. A gidan farko, Zuwaira mai ƙosai ta leƙo.

"Abincin mene ne wannan?"

Yarinya ta tuna da kwanonin bara. Sai bakinta ya riga hankalinta.

"Na suna ne. Ƙanwar Mamata ce ta haihu a Dabaga."

Zuwaira ta karɓa har da sa albarka. Da yarinya ta ga ƙarya ta yi aiki, sai ta bi gida-gida da ita. Kwanoni duka suka dawo wayam. Mama ta wuni tana waƙar yabo, tana cewa Allah ya tausasa zuciyar maƙwabta. Yarinya ta kasa kallon idonta.

Washegari sai ga mata sun yi sallama, kowacce da sabulu a hannu. Haka ake yi in an yi haihuwa.

"Barka, barka. Mace aka samu ko namiji?"

"Wace ce ta haihu?" in ji Mama.

Duk ido ya koma kan yarinya. Ta fashe da kuka, gaskiya ta fito.

"Ashe da wayo kuka ciyar da mu abincin bikinku," in ji Zuwaira. "Dama an ce mu yi hankali da ku."

Suka kwashe sabulunsu suka fita. Hajiya Tabawa ta hana Ramata zuwa gidan. Mama ta zauna bakin murhu tana hawaye.

Da yamma Baba ya kira yarinya.

"Shekara nawa ana zagina, ban taɓa jin zafi irin na yau ba," in ji shi. "Kin ji kunyar Yesu. Kin kuma cuci mutane. Suna da ikon ƙin abincinmu, ke kuwa kin yaudare su."

"Baba, na gaji da a ƙi mu."

"Ni ma na gaji, 'yata. Amma gobe za ki koma gida-gida ki faɗi gaskiya."

Da gari ya waye, yarinya ta koma gida-gida. Zuwaira ta rufe ƙofa tun ba ta gama magana ba. A wani gidan aka yi mata tsaki. Ta bar gidan Hajiya Tabawa a ƙarshe, don shi ta fi tsoro.

Ta durƙusa. "Hajiya, ƙarya na yi. Abincin Nowel ne, bikin haihuwar Yesu. Mu Kirista ne, ba zan ƙara ɓoyewa ba. Ki yafe mini."

Hajiya ta dube ta. "In na ce sai kin bar addinin nan za ki ƙara wasa da Ramata fa?"

Hawaye suka zubo wa yarinya. Ba ta da wata ƙawa a duniya.

"To, Hajiya, sai dai in haƙura da Ramata."



"Addininku ba nawa ba ne," in ji Hajiya. "Amma ba na korar yaron da ya faɗi gaskiya yana kuka. Ramata, fito ga ƙawarki."

Har yanzu Zuwaira ba ta amsa gaisuwarsu, kuma ana wanke moɗa a lakwal. Amma yarinyar ta koyi darasi: mai bin Yesu ba ya ɓoye bangaskiyarsa don a so shi. Ran Lahadi ta riƙe Littafi Mai Tsarki a fili, Ramata ta raka ta har bakin layi.