Ramin da Badamasi Bai Haƙa Ba

A wani shagon turare da ke unguwar Misfala a Makka Mujahida ta fara ganin Badamasi. Miski ta zo saya, shi kuwa ya dulmuya cikin wani tsohon littafi har sai da ta maimaita sallama.

"Wane karatu ne ya hana ka ciniki?" ta tambaya.

"Wani marubucin Faransa ne na zamanin da," in ji shi yana murmushi. Badamasi ɗan Damagaram ne, can ya koyi Faransanci. "Masu takubba, jiragen ruwa, kurkuku. Kaɗan-kaɗan yake sakin labarinsa a jarida, ya yanke daidai inda ya fi daɗi."

"Mugu ke nan."

"Ni kuwa ɗalibinsa ne."

Ta koma gidansu a unguwar Zahir da miski, da kuma lambar waya. Kullum bayan la'asar sai ya turo mata saƙon murya, yana juya labarin zuwa Hausa, ya yanke inda rai ke so.

"Haram alaik, Bada! Ka bar ni a tsakiyar teku," ta rubuta masa.

"Sai gobe, Zumata. Ni ma tun ranar miski a teku nake."

Kafin a ce me, so ya kama su da gaske. Sai dai mahaifinta, Alhaji Kabo, yana da nasa zaɓin: Marwan, ɗan amininsa, mai aikin kamfani da mota mai sanyi.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata rana ta kunna saƙo a falo, Alhaji na shigowa. Badamasi kuwa idan labari ya ɗauke shi, da bakin jarumin yake magana.

"Shekaru na yi a kurkuku ina haƙa rami da guntun cokali, ba wanda ya sani..."

"Innalillahi!" Alhaji ya ƙwace wayar. "Mai fasa gidan yari zan ba 'yata? Halas, magana ta ƙare, kada in sake jin sunansa!"

Marwan da ya ji labari ya ƙara gishiri a gaban Alhaji: "Wallahi ya ammi, baffana, dama na ga alama."

Mujahida ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mahaifiyarta Hure ce ta lallaɓa Alhaji, ta ce ko alƙali sai ya ji ta bakin mai laifi.

Badamasi ya zo da littafin, ya durƙusa, ya yi bayani. Alhaji ya juya shafukan, bai gane ko harafi ba.

"Yanzu Bature ne ya san zafin zalunci haka?"

"Baba, kakarsa baiwa ce, baƙar fata. An sha yi masa gorin launi, bai ajiye alƙalami ba har duniya ta san shi."

Alhaji ya miƙa masa littafin. A Makka ya tsufa, amma shi ma ya ɗanɗani gorin asali. Can ya gyara murya.

"To... fursunan ya fita?"

"Ana iya dubawa a waya," in ji Marwan da ke zaune a gefe.

"Kai, yi mana shiru!"

Badamasi ya ɗauko labarin, shayi ya huce ba wanda ya kula. Daidai lokacin da mai gadi ya taɓa ƙofar kurkuku, sai ya rufe littafin.

"Sauran sai gobe, Baba."

A bayan labule Mujahida ta kasa kunne. Alhaji ya zuba masa ido, sannan ya tuntsire da dariya.

"Ɗan nema! Tayyib, na yarda. Gobe ka zo da sauran, ka zo da magabatanka."

Bayan Hajji aka ɗaura aure. Alhaji ya riƙe hannun ango a gaban jama'a.

"Na kusa korar ka saboda laifin mutumin da ba a taɓa haifa ba. Ga Mujahida nan amana, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Gidan ya ɗauki amin, Hure ta rangaɗa guɗa.