Rabin Cokali

A wani ƙauye can, a wani zamani, an yi wata yarinya mai kiwon 'yan tsaki a bayan ɗakin kakarta. Wata safiya ta tarar da su sun takure, fukafukai a sake, ɗaya ma har ya mutu. Ta ruga wurin malamin dabbobi. Ya ba ta ƙunshin garin magani, ya ce, "Rabin cokali a ruwan shansu kowace safiya, har ya ƙare."

Ta auna rabin cokali. Washegari wani tsakon ya mutu. Maƙwabciyarsu, Goggo Tabawa, ta taka turmi ta leƙo ta katanga, tana magana ta hanci: "Ke 'yar nan, wannan ɗan mitsitsin? Juye musu duka, ki ƙara da barkono!"

Yarinya ta auna rabin cokali.

Kullum takan fito, ta leƙa akurki da ido ɗaya a rufe. A hankali 'yan tsakin suka fara ciyau-ciyau, suna tonon ƙasa.

Goggo ta sake leƙowa: "Ai sun warke! Miƙo mini ragowar, zakarana na mura."

Yarinya ba ta taɓa hana babba abu ba. Ta dubi Goggo, ta dubi akurki. Ta durƙusa ta ce, "Goggo, ki yi haƙuri, nasu ne har ya ƙare."

"Iye! Yaran yanzu!" Goggo ta murguɗa baki, ta sauka daga turmi.

Yarinya ta auna rabin cokali. 'Yan tsakin suka rugo, suka yanyame kwanon ruwan har ba a ganin bakinsa.