Manomin da Ya Raina Tudu

A can wani zamani, wani manomi ya gāji gonaki a tudu da fadama daga mahaifinsa. Mahaifiyarsa ta ce, "Ɗana, raba shukarka, kada ka zuba arzikinka wuri ɗaya."

Ya raba daidai wa daida: nan shinkafa, nan masara, nan rake. Amma ya raina tudu, duk ya shuka a fadama, bakin kogi.

Da marka ta yi marka, kogi ya cika ya tumbatsa. Ya cinye shinkafa, ya cinye masara, ya cinye rake.

Manomi ya tsaya gaban rumbu wayam yana hawaye. "Inna, ai na raba!"

Ta girgiza kai. "Ka raba gonaki, ɗana, amma kogin ɗaya ne."