Hannun Hagu a Mararrabar Kebbe

Wanda ya buge Malam Gidaɗo a mararrabar Kebbe laifi biyu ya yi. Ya karya wa malamin makaranta ƙafa, wannan kuskure ne. Sannan ya koma gida ya yi shiru aka kulle wani a madadinsa, wannan kuwa rashin tsoron Allah ne.

A daminar 1977 abin ya faru, lokacin da kuɗin mai suka sa kowa ya sayi abin hawa, wanda ya iya da wanda bai iya ba. A Tambuwal, inda hanyar Kebbe ta haɗu da kwaltar Sakkwato, hukuma ta kafa allo biyu. Ɗaya ya ce mai fitowa daga Kebbe ya tsaya ya ba na kan kwalta hanya. Ɗayan ya hana wuce kilomita hamsin cikin gari.

Sufeto Dawuda ya dawo daga Sakkwato ran Laraba, ya tarar Saje Tambaya ya riga ya yanke hukunci.

"Ranka ya daɗe, mun kama shi tun Litinin. Namadi ne, mai bas ɗin haya. Jama'a sun ji wucewarsa bayan asuba kamar iska. Gobe kotu."

"Wa ya ga ya buge shi?"

"Ana yayyafi, ba kowa waje. Amma ai Namadi ne."

Aka fito da Namadi, matashi mai mata da jariri, wanda ba ya da abin ci sai lasisinsa.

"Gudu nawa kake yi da ka shigo gari?" in ji Sufeto.

"Arba'in, ranka shi daɗe."

"Namadi, ko turawa ake yi bas ɗinka ba ta san arba'in ba."

Namadi ya sunkuyar da kai. "Tamanin. Amma wallahi ban taɓa kowa ba. In anka amshe lasisina, mi za ni kai gida?"

Sufeto ya duba bas ɗin. Akwai lotsawa a gaba, amma ta yi tsatsa tun bara. Ya sa aka kawo keken Malam Gidaɗo. Ƙafar gaba ce ta lanƙwashe, ta baya lafiya lau. Ya sa Saje ya kai shi inda aka tsinci keken.

"Nan ne, gefen dama, inda ya kamata mai keke ya bi," in ji Saje.

"To, gaba da gaba aka yi. Mutum na tafiya a hannunsa na dama, mota ta taho ta gabansa ta buge shi. Ita motar wane hannu take?"

Saje ya ɗan yi tunani. "Hagunta, ranka ya daɗe."

"Shekara biyar ke nan da aka yi canjin hannu, aka koma dama. Namadi bai taɓa tuƙi a hagu ba, lokacin bai ma fara koyo ba."

Daga nan Sufeto ya nufi gidan Malam Gidaɗo. Ya same shi kwance a zaure, ƙafa ɗaure da karare, yana duba littafi.

"Malam, sannu da jiki. Wace irin mota ce?"

"Ɗana, ban gani ba. Ruwa ya shigar mini ido."

"Wa ya kawo ka gida?"

"Wani bawan Allah. Baƙo ne."

"Baƙon da ya san gidanka?"

"Allah shina da bayi iri iri."

Sai muryar matarsa Hindatu ta fito daga bayan ƙyaure. "Ai Sufeto, Allah dai shi saka ma Alhaji Ɗangiwa. Shi yak kawo shi, shi kuma yak koma Kebbe da kainai yaɗ ɗauko maɗori. Kullum sai ya aiko da fura."

Malam Gidaɗo ya yi tari mai tsawo. "Hindatu, wa yat tambaye ki?"

"Kun daɗe tare da Alhajin?" in ji Sufeto.

"Allo ɗaya munka yi karatu. Ni dai na yafe, ko wane ne. Ƙafata ce."

"Ƙafarka ce, Malam. Kwana ukun da Namadi ya yi a kulle ba naka ba ne."

Malam ya rufe littafin.

Washegari da sassafe Sufeto ya roƙi kotu ta ɗaga shari'ar zuwa la'asar, ya hau motar kasuwa zuwa Kebbe. Hanyar duk ramuka da taɓo. Ya lura kowane direba tsakiya yake bi, babu dama babu hagu, sai inda rami ya ƙyale.

Alhaji Ɗangiwa dattijo ne mai fara'a, wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana jan babbar motar gyaɗa zuwa Gusau, ya aje aiki kafin canjin hannu. Bana ɗansa ɗan kwangila ya aiko masa da sabuwar akori-kura fara. Tana ƙarƙashin rumfa, an wanke ta tas, an juya gabanta ga bango.

"Baba, ran Litinin ka je Tambuwal?"

"Na tai, na iske abokina yashe bakin hanya, na ɗauke shi. Laifi ne?"

"Lada ne. An ce duk ƙasar Kebbe ba direba kamarka."

"An ce? Tambayi kowa. Shekara ashirin da biyar ko kaza ban taka ba. Waɗanga yaran zamani mi sunka sani?"

"To, Baba, ka taimake ni. Ina da kotu da la'asar, motar kasuwa kuwa sai yamma."

Alhaji ya so ya ƙi. Amma an yabi tuƙinsa a gaban maƙwabta. Ya shiga ya ɗauko makulli.

Gaskiya ya iya mota. Ya kauce wa kowane rami, yana ba Sufeto labarin gadar Gusau da damina. Da suka iso mararraba bai ko dubi allon tsayawa ba. Ya danna oda sau biyu, ya hau kwalta, allurar gudu na kan saba'in. Hannunsa ya kai motar gefen hagu, ya zauna a nan hankali kwance yana ci gaba da labari.

Hanya ba kowa. Sufeto ya bar shi ya ɗan taɓa tafiya.

"Baba, wane hannu muke?"

Alhaji ya dubi kwalta. Ya dubi hannuwansa a kan sitiyari. Ya taka birki a hankali, ya kashe mota.

"Na san an canza," ya ce. "Kaina ya sani. Hannun ne bai sani ba. A hanyarmu ba a ganewa. Ran nan ma hakanga na hawo, sai ga Gidaɗo gabana."

"Allon tsayawa fa?"

"Da can in na yi oda kowa kaucewa yakai."

"Baba, da ka zo ofis ran Litinin, da ni zan riƙe maka takalmi ka shiga. Ka ɗauki abokinka, ka nemo masa maɗori, wannan halin kirki ne. Amma ka ji an kama Namadi."

"Na ji. Na ce za a sake shi, tunda ba shi ne ba."

"Yau da la'asar za a karɓe lasisinsa, a ɗaure shi. Yana da jariri ɗan wata biyu."

 Dattijon ya zare makulli ya miƙa wa Sufeto.

"Kunyar a ce Ɗangiwa ya buge mutum ta hana ni. Ja mu tai, ɗana. Amma ka bi da ni wurin yaron tukuna, in roƙe shi gafara kafin alƙali."

Sufeto ya zagayo ya buɗe masa ƙofa, ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujerar fasinja.

A ofis Namadi ya fito yana mutsuttsuka ido. Alhaji ya cire hula zai durƙusa, Namadi ya riga shi kaiwa ƙasa.

"Haba Baba, tashi. Na yafe."

"Kai kuma, Namadi," in ji Sufeto, "tafi ka ga ɗanka. In na sake jin tamanin cikin garin nan, ɗakin nan yana nan."

Da la'asar aka ɗauko Malam Gidaɗo a kan gado har kotu, ya roƙa wa abokinsa sassauci. Alƙali ya saurare shi da ladabi har ya gama.

Aka soke lasisin Alhaji Ɗangiwa har iyakar ransa, aka ɗaure shi wata biyu.