Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

An ɗaura auren ranar Asabar da hantsi a falon gidan su amarya, saboda Baba bai fara fita ba tukuna. Da hannun hagu ya yi ta gaisawa da mutane.

Wata takwas kafin nan ita da angon suka haɗu, a ɗakin horar da masu amsa kiran motar asibiti. Akan zaunar da ɗaliba baya da baya da wani ma'aikaci, shi kuma ya yi kamar mai neman agaji: yau matarsa na naƙuda, gobe ɗansa ya shaƙe. Angon ne ma'aikacin. Sai da ta yi mako biyu da sanin muryarsa kafin ta ga fuskarsa. Ta sa masa suna Ɗan Ihu, shi kuma yana kiranta Tebur Shida.

An koya mata ta karɓi adireshi kafin komai, kada kuma ta taɓa yi wa mai kira alkawarin cewa mara lafiya zai tashi. Ta kuma ɗauki kowane kira a matsayin na gaskiya, duk da cewa ko bayan an kama aiki akan jefo na gwaji ba sanarwa, da muryarsa.

Baba ya ƙi maganar auren. "Mutumin da sana'arsa kukan ƙarya? Ran da ya yi na gaskiya, da me za ki gane?"

Wata Talata ya turo mata saƙo: "Tebur Shida, zan sake zuwa gaida Baba da la'asar. In ya kore ni, na dai sha ruwan gidanku." Ba ta gani ba. A kabad ake kulle wayoyi har a tashi aiki.

Ƙarfe huɗu da minti goma kira ya shigo teburinta. Muryarsa ce, tana rawa. Ya faɗi adireshi: gidansu.

Ta yi murmushi. "Ɗan Ihu, yau gwajin har gidanmu? Ba ka da kunya."

"Ba gwaji ba ne! Baba ne ya faɗi!"

"Kullum haka kake cewa."

Sai ta jiyo salatin Inna a bayansa. Babu Inna a cikin wani gwaji.

Ta tura mota, ta kafa ido kan allon tambayoyi, don in ta ɗauke ido za ta ga fuskar Baba.

"Yana numfashi?"

"A'a!"

"Kwantar da shi a ƙasa rigingine. Hannu kan hannu, tsakiyar ƙirji. Danna da ƙarfi. Ƙirga tare da ni."

"Na ji wani abu ya karye!"

"Kada ka tsaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Inna ta kusanto wayar. "'Yar nan, ke ce? Ki ce min zai tashi."

Maganar ta zo har bakinta. Ta haɗiye.

"Mota na hanya, Inna. Je ki buɗe musu ƙofa."

Minti tara suka yi suna ƙirge.

Washegari shugabar ɗaki ta kunna faifan kiran, agogo a hannunta. Daga faɗin adireshi zuwa tura mota, daƙiƙa goma sha ɗaya sun tafi a wasa. Aka mayar da ita horo na mako guda, aka cire muryarsa daga kiran gwaji.

Baba ya yi kwana shida kafin ya iya magana. Ya dubi Inna daga kan gadon asibiti, harshensa na nauyi.

"Yaron nan ya karya min haƙarƙari biyu. Ku ba shi ita, kada ya dawo ya ƙarasa sauran."

Ran ɗaurin auren ya kira su gabansa, ya ce Allah ya yi musu albarka, Allah kuma ya sa kukan angon ya ci gaba da zama na ƙarya.

Hannun Baba na dama bai dawo ba. Ta tambayi likita ko daƙiƙun nan ne suka jawo, ya ce babu wanda zai iya tabbatarwa.

Baba ya tambaye ta abin da ta fara cewa da ta ɗaga kiran. Har yau ba ta ba shi amsa ba.