Abin da Janareta Ya Cinye

Da musu suka fara, kuma a kan fim.

Wata Asabar ce da yamma, a shekarar 1993, a ƙofar gidan kallon Chimezie da ke bayan kwatas ɗin 'yan reluwe a Kafanchan. Abednego, makanikin babur, ya taso daga gareji da baƙin mai a farce, ya tarar an manna hoton fim ɗin Indiya a allo. Ya ja tsaki mai tsawo.

"Yau ma kuka za a sayar mana? Ƙato ya bar abokin gabansa yana yawo, ya hau dutse yana waƙa. Wannan fim ne?"

"Ya fi na Chanis, inda za a kashe malamin mutum tun farko, shi kuma ya yi ta tsalle kamar ɗan akuya har a tashi."

Ya juya ya ga mai maganar. Yarinya ce baƙa siririya, da tef ɗin awo rataye a wuya, ko kallonsa ba ta yi. Abednego bai saba a mayar masa da magana ba.

"Ya sunanki?"

"Afiniki. Kai kuma na san naka, sarkin tsaki."

Shi ke nan, an gama da shi. Kafin damina ta yi nisa duk layin teloli sun san ƙarar babur ɗinsa. Ita tana ce masa Ɗan Chanis, shi yana ce mata 'Yar Indiya. Ya kan kawo mata gasasshiyar masara, ta kan ɗinke masa aljihun da sifana ya yaga. Komai nasu ɗaya ne in ban da fim.

A gidan Chimezie 'yan kallo kashi uku ne. Akwai 'yan Chanis, su Abednego da abokinsa Simon, waɗanda a wurinsu babu fim a shekarar kamar wanda suka sa wa suna Gurgu Mai Sanda. Akwai masu son sabbin kaset ɗin da ake kawowa daga Onitsha. Sai 'yan Indiya, yawancinsu mata, da suka mutu a kan wani da suke kira 'Yar Mai Kwalekwale. Kuma al'adar gidan ce, ana gobe Kirsimeti a ɗaga hannu a zaɓi fim ɗin shekara.

Shi Chimezie a Kafanchan aka haife shi, ubansa direban jirgin ƙasa ne. Ba ya jin Indiyanci ko kaɗan. Kallon kaset yake yi shi kaɗai har ya gane inda labarin ya dosa, sannan ya tsaya gefen talabijin ya zuba Hausar da ta zo masa. Shi ne bakin maza, ƙanwarsa Ujunwa bakin mata. Kuma in saurayi na son yarinya ya kasa faɗa, sai ya raɗa wa Chimezie, a ranar a laƙaba wa jarumar fim sunanta. Aure nawa aka ƙulla ta haka.

Abednego kuwa ya riga ya rantse gaban abokansa cewa ƙafarsa ba za ta taka ɗakin nan ranar Indiya ba. Rakiya yake yi wa Afiniki zuwa ƙofa, ya koma bencin mai tsire ya jira.

"Ka shigo mana yau kaɗai, Ɗan Chanis," ta ce masa wata rana, tana riƙe da gefen rigarsa. "Akwai abin da nake so ka ji."

"In ji me? Kukan ƙato? Je ki, Afi, ina nan."

Ta shiga. Daga bencin ya hango ta ta tsaya da Chimezie a bakin labule, ta kai baki kusa da kunnensa, shi kuma yana dariya yana gyaɗa kai. Tsiren da ke bakin Abednego ya zama kamar roba.

Bai shiga ba, don rantsuwa rantsuwa ce. Zagayawa ya yi ta baya, inda taga take, inda kuma aka ajiye janareta. Janaretan nan tsoho ne, kukansa kamar injin niƙa. Amma muryar Chimezie ta fi ƙarfinsa.

"Afiniki! Afiniki, ki juyo da kwalekwalen nan! In babu ke, ko tuwo aka ba ni ƙasa nake ci. Afiniki, ke ce ruwa, ni ne kifi!"

Ɗakin ya ɗauki shewa. Abednego ya kasa kunne ya ji abin da jarumar za ta amsa. Muryar Ujunwa siririya ce, janareta ya cinye ta gaba ɗaya. Abin da ya iso masa kawai wata shewar ce, wadda ta fi ta farko.

Ya hau babur ya tafi, bai jira Afiniki ba.

Kowa a Kafanchan ya san ma'anar sa sunan yarinya a fim. To wa ya roƙi Chimezie? Babu. Shi da ke da bakin, wa zai roƙa? Da kansa ya sa, don kansa. Haka Abednego ya yanke hukunci, ya kuma ɗaure shi tamau.

Abin ya ƙara masa zafi da 'yan matan layin teloli suka fito da sabon salo. In ya wuce sai su siranta murya su ce, "Abednegooo!" su fashe da dariya.

"Ka ji ko?" in ji Simon. "Gari ya gama sanin an ƙwace maka. Ni dama na faɗa maka, macen da ke kallon Indiya, mai daɗin baki take nema. Kai kuma bakinka kamar sifana."

Afiniki ta same shi a gareji, ya shige ƙarƙashin wani babur kamar mota ce.

"Me na yi maka ka bar ni na tako da ƙafa?"

"Ai kifi bai da ƙafa, shi ya sa bai raka ki ba."

Sai murmushi ya suɓuce mata. "Au, ka ji ke nan? To me ka ji kuma?"

Murmushin nan ne ya ƙarasa shi. "Na ji abin da ya ishe ni. Dariya ma kike yi? Je ki wurin mai waƙa."

"Abed, ka tsaya in..."

"Ba na son bayani."

Afiniki ma ba kanwar lasa ba ce. Ta gyara tef ɗin wuyanta ta ce, "To zauna da rabin magana, tunda shi ka iya ci." Ta juya.

Asabar ta zagayo, aka sake sa 'Yar Mai Kwalekwale. Abednego ya ce ba zai je ba, ƙafarsa ta kai shi bayan tagar. Da ya ji "Afiniki" ta fito daga bakin Chimezie, bai san lokacin da ya fizge wayar janareta ba. Hoto ya ɗauke, ɗaki ya ɗauki ihu. Chimezie na leƙowa Abednego ya ci kwalarsa ya haɗa shi da bango.

"Sunan matar wa kake wasa da shi?"

"Abed, haba, wetin? Sake ni in faɗa maka!"

Bai saurara ba. Sai da mutane suka ɓamɓare shi, rigar Chimezie ta yage har ƙasa.

Kafin sujadar safiyar Lahadi labari ya isa kunnen Baba Alexander, mahaifin Afiniki, dattijon ikkilisiya kuma mai sayen citta daga Kachia. Dama can bai so zancen aurensu ba. Kawunnan Abednego sun riga sun aiko cewa za su zo gaisuwa bayan girbi, sai ya aika musu su sha zamansu.

"Abu biyu," ya ce wa 'yarsa. "Sunanki ya zama abin shewa a gidan kallo, wannan naki ne, za mu yi maganarsa. Shi kuma yaron nan, wanda bai iya tambaya ba sai shaƙe wuya. Yau rigar wani ya yaga. Gobe in kin daɗe a kasuwa, me zai yaga? Ban haife ki don a koyi Chanis a jikinki ba."

Maganar ta iso gareji yadda aka faɗe ta. Abednego ya rame. Ya kan ɗaura taya a juye, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Kishin bai sake shi ba, ga kuma kunya ta hau kai. Kaset ɗin Gurgu Mai Sanda ma da Simon ya aro don ya faranta masa, ko rabi bai kai ba ya tashi.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, Ujunwa ta tsaya a bakin gareji, ta miƙa masa 'yar takarda ba tare da gaisuwa ba.

"Ɗan Chanis, ka zo ranar zaɓe. Ka shiga CIKI ka zauna. Benci ba ya cizo. In ba ka zo ba, kada ka ƙara bin layinmu. Afi."

Ya zo. Ɗakin ya cika maƙil, har da masu leƙe. Da ya ɗaga labule, Simon ya zaro ido. Abednego ya nemi ƙarshen benci ya zauna kamar wanda aka kawo kotu.

Musu ya kaure kafin a ɗaga hannu.

"Gurgu ya doki mutum talatin da ƙafa ɗaya!"

"Ƙarya ce, igiya aka ɗaura masa!"

"Naku fa? Mace ta faɗa kogi ta fito da sabon zane!"

"Ku bar na Onitsha ya ci, aƙalla fatarmu ce!"

Chimezie ya daki tebur. Ya ce kafin zaɓe za a nuna gutsuren kowane fim, kuma da Indiya za a fara. Ya dubi Abednego ya ce, "Oga, riga ɗaya ta rage mini, ka yi haƙuri da ita."

Kwalekwale ya bayyana, jarumi na gudu a bakin kogi. Chimezie ya buɗe murya: "Afiniki! Ke ce ruwa, ni ne kifi!" Abednego ya damƙe gefen benci har jijiyar hannunsa ta fito.

Sai jarumar ta juyo, hawaye a fuska. Ujunwa ta ɗan matso, da 'yar muryarta:

"Abednego. Abednego, mai taurin kai. Ko duniya ta taru a wancan ƙetaren, wurinka zan dawo. Kai dai ka shigo jirgin."

Ɗakin ya fashe. 'Yan matan layin teloli suka haɗa baki, "Abednegooo!"

Abednego ya juya. Afiniki na can gefen mata, ta rufe fuska da gyale.

"Tun ranar farko haka muke faɗa," in ji Chimezie. "Ita ta zo ta roƙe ni. Tunda na buɗe gidan nan mace ba ta taɓa roƙo ba, sai ita. Ta ce in ka ji sunanka a bakin 'yar Indiya ko za ka daina tsaki. Kai kuma ka je ka zauna da janareta."

Abednego ya miƙe. Mutum ne da bai taɓa ba kowa haƙuri ba, har uwarsa ta shaida. Ya taka zuwa gaban talabijin, ya durƙusa a kan simintin gaban kowa.

"Chimezie, na zalunce ka. Na ji rabi na yanke hukunci. Ka yafe mini." Ya juya gefen mata. "Afi, ke kin ajiye kunyarki saboda ni, ni na kasa ajiye rantsuwar banza. Ni ne jaki."

"An ji," ta ce ta cikin gyale. "Tashi, kana tare mana hoto."

Aka ɗaga hannu. 'Yar Mai Kwalekwale ta ci, da hannun Abednego a ciki. Simon ya ce wannan cin amana ne, ya yi kwana biyu ba ya gaishe shi.

Saura Baba Alexander. Bayan sabuwar shekara Abednego ya je, kuma Chimezie ne ya raka shi, sanye da rigarsa da aka yaga, wadda Afiniki ta ɗinke. Dattijon ya bar su a tsaye yana ta tsince citta a tabarma.

"An ce ka durƙusa a gidan kallo."

"Haka ne, Baba."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Laifina ne ya sa ni."

"Kishin fa? Ya tafi?"

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, bai tafi ba. Amma na koyi shiga ciki in ji magana har ƙarshe."

Baba Alexander ya ajiye cittar da ke hannunsa. "Da ka ce ya tafi, da na kore ka. Ka ce wa kawunnanka su zo."

Bayan Ista aka ɗaura aure. Majami'a ta cika, 'yan zumuntar mata sun sha anko, 'yan Chanis da 'yan Indiya a benci ɗaya. Ana tsakiyar hidima aka ɗauke wuta, Chimezie ya ruga ya tayar da janaretansa da ya kawo don lasifika.

Fasto ya tambayi ango, ya amsa da ƙarfi. Ya tambayi amarya. Afiniki ta sunkuyar da kai, leɓenta ya motsa. Fasto ya buɗe baki zai ci gaba, sai Abednego ya ɗaga hannu.

"Fasto, a yi haƙuri. A kashe janaretan nan tukuna."

Dariya ta tashi har waje. Baba Alexander ma ya rufe baki da hula. Aka kashe, majami'a ta yi tsit.

Afiniki ta ɗago ta dube shi cikin ido. "Na yarda, Ɗan Chanis. Ka ji, ko in ƙara?"

"Na ji, 'Yar Indiya. Wannan karon duka na ji."

Fasto ya haɗa hannuwansu ya sa albarka, ya roƙi Ubangiji ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana har ƙarshenta. Jama'a suka ce amin, kuma babu muryar da ta ɓata.